Waiwaye: Mu da Ƙananan Kalmomin Turanci

Duk malamin da ya daɗe yana duba takardun ɗaliban jami'a a Arewa ya san inda jan biro ya fi ƙarewa. Ba a kan dogayen kalmomi yake ƙarewa ba. Ɗalibi zai zuba kalma mai baƙaƙe goma sha biyar bai kuskure ko ɗaya ba, sannan ya zo kan "in" da "on" da "at" ya yi tuntuɓe. Haka abin yake a shekarun 1980 lokacin da tsararmu ke zaune a azuzuwan jami'a, haka kuma yake yau da 'ya'yanmu suka gaji kujerun. Kuskuren yana nan inda muka bar shi. Abin da ya sauya shi ne duk abin da ke kewaye da shi: inda ɗalibi ke samo Turancinsa, da wanda ke da bakin cewa wannan daidai ne wancan kuskure, da irin kallon da ake yi wa mai kuskuren.

Kalmomin da ake magana a kansu su ne waɗanda ke zuwa gaban suna don nuna wuri ko lokaci ko dangantaka. Wanda ya yi nahawun Larabci a zaure ya san 'yan'uwansu, wato harufan jarri irin su "min" da "ila" da "fi". Hausa ma tana da nata, sai dai ta tsara su yadda ta ga dama. Na asali 'yan kaɗan ne, kamar "a" da "da" da "daga" da "ga". Sauran yawanci daga sassan jiki aka ciro su: cikin ɗaki, kan tebur, gaban alƙali, bayan gari, bakin kogi. To "a" ɗin nan guda ɗaya tana ɗauke da aikin da Turanci ya raba wa kalmomi uku. Mukan ce a Kano, a kasuwa, a hanya, Bature ya ce "in Kano", "at the market", "on the road". A wajen lokaci kuma "da" ce ke yi mana komai: da safe, da dare, da ƙarfe biyu. A Turanci safiya tana tafiya da "in", dare da "at", ranar Litinin kuma da "on". Babu wata hujja ta hankali da ta sa safiya ta ɗauki wannan dare ya ɗauki wancan. Haka masu harshen suka tashi suka tarar, haka suke faɗa.

Don haka ɗalibin da ya rubuta "different with" bai yi shirme ba, "bambanta da" ce ta biyo shi har cikin Turanci. Wanda ya ce "since three years" yana tafe ne da "tun shekara uku". Wanda ya ce mara lafiya yana "on bed" ya ga mutum a kan gado ne da idonsa, bai san "in bed" ake cewa ba in mutum ya kwanta ya lulluɓa. Akwai kuma wani rukunin kurakurai da Hausa ba ta da hannu a ciki, irin su "discuss about" da "emphasize on" da "request for". Ana jin su a Legas da Inugu, ana jin su a Gana da Indiya. Daga cikin Turancin kansa suka taso: tun da sunan yana ɗaukar ƙaramar kalmar, kamar a "emphasis on", sai mai koyo ya zaci aikatau ɗin ma haka yake. Kuskure ne na wanda ya lura da ƙa'ida, ya kai ta inda ba ta zuwa.

Kalmomin yau da kullum su ma da nasu tarkon. Ba wanda ke ruɗewa da ma'anar "photosynthesis", domin a aji ya gamu da ita kuma ma'anarta ɗaya. Masu wahalar su ne na gida da kasuwa. "Ji" tamu ta haɗa sauraro da sansana da ɗanɗano da fahimta, sai ka ji an tambayi mutum ko yana "hear" Hausa. Muna ara, muna ara wa wani, duk da kalma ɗaya. Turanci ya raba su gida biyu, "borrow" da "lend", shi ya sa "borrow me your biro" ta zama ruwan dare a kowane aji. Wanda ya sauka a gidanka da wanda ba ka taɓa gani ba duk baƙi ne a wurinmu, sai mai gida ya ce ya yi "stranger" alhali kawunsa ne ya zo. "Sannu" kuwa ba ta da takwara. Wanda ya faɗi mu ce masa "sorry", wanda muka tarar yana aiki mu ce masa "well done", Bature ya rasa abin da muka yi wa na farko da har muke ba shi haƙuri, da abin da na biyu ya kammala da har muke yaba masa.

A zamaninmu ba a cika zaunar da ɗalibi a yi masa irin wannan bayani ba. Kuskure kuskure ne, maganinsa hadda. Akwatin ɗalibi mai himma ba ya rasa littattafai uku: "Brighter Grammar" da ya taho da shi daga ƙananan azuzuwa, da ƙamus na Oxford na masu koyo, da ɗan littafin nan "Common Mistakes in English". Shi ƙamus ɗin A. S. Hornby ne ya tsara shi bayan ya daɗe yana koyar da Turanci a Japan, can ya fara fitowa a 1942 kafin Oxford ta buga shi a 1948. Ɗan littafin kurakurai kuwa T. J. Fitikides ne ya wallafa shi a 1936, malami ne a tsibirin Saifurus, kuma da waɗannan ƙananan kalmomi ya buɗe littafin. Littattafai ne masu albarka, mun amfana da su ƙwarai. Amma ɗaya ya tashi ne daga wahalar ɗaliban Japan, ɗaya daga wahalar yara masu jin Girkanci. Mun haddace gyaran kurakuran da ba mu taɓa yi ba, namu na gado kuma suna nan daram.

Hausa kuwa a makarantun kwana da yawa laifi ce. Sunanta "banakula", wanda aka kama yana yin ta sai tara ko horo. An ɗauka cewa in aka toshe bakin Hausa, Turanci zai samu wurin shiga. Abin da aka samu a wurin yara da yawa shi ne shiru: ga Hausa an hana, ga Turanci ana tsoron a yi kuskure a sha dariya. Zamanin ya kuma haifar da son manyan kalmomi. A gasar muhawara wanda ya fi jero kalmomin da sai an buɗe ƙamus shi ke shan tafi, a ce yau wane ya yi ɓarin Turanci. Ba wanda ya taɓa tafa wa yaro don ya sa "at" a mazauninta.

Duk da haka wancan zamani yana da wani abu mai daraja, wato karatu. Turanci kaɗan ne a gari, amma wanda ake samu ya bi ta hannun edita, kuma ana zama da shi a daɗe. Jaridar New Nigerian, wadda aka fara bugawa a Kaduna a 1966, kwafi ɗaya kan zaga ɗakin kwana gaba ɗaya. Littattafan Pacesetters da kamfanin Macmillan ya fara fitarwa a 1977, ciki har da "The Undesirable Element" na Mohammed Sule, suna yawo daga hannu zuwa hannu har bangonsu ya ɓalle. Ga Achebe, ga Ekwensi, ga Zaynab Alkali da ta fito da "The Stillborn" a 1984, ga na James Hadley Chase da ake ɓoyewa ƙarƙashin matashi. Da dare a kamo BBC a gajeren zango. Ba don nahawu muke karanta su ba, labari muke bi. Amma wanda ya yi ta cin karo da "interested in" a cikin labari, hannunsa ba zai yarda ya rubuta wani abu dabam ba, ko da bai iya faɗin ƙa'idar ba. Ɗan acaba bai koyi lungunan Fagge daga taswira ba, yawan bi ne ya sanar da shi inda kowane lungu ke ɓullewa.

Sai dai mai yabon wancan zamani ya tuna cewa mu 'yan tsiraru ne, kuma an tace mu kafin mu iso. A 1962, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, jami'o'i biyar ne a Najeriya kaf. A 1975 aka kafa wasu bakwai, ciki har da na Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos. A 1976 aka ƙaddamar da shirin UPE na ilimin firamare kyauta, yara suka cika makarantu fiye da abin da malamai za su iya ɗauka, aka riƙa horar da sababbin malamai a gaggauce. A 1978 aka kafa JAMB, hukumar shirya jarrabawar shiga jami'a. Yau jami'o'in sun haura 250. Wannan alheri ne babba, domin ɗan manomin da a da ko ƙofar jami'a ba zai gani ba yanzu yana ciki. Amma darasin Turanci ya ji a jikinsa. Kwas ɗin da aka wajabta wa duk ɗan aji ɗaya, ko likitanci yake karantawa ko Hausa, ya koma babban ɗakin taro mai ɗaruruwan ɗalibai da malami ɗaya da lasifika. Malamin da ke da ɗalibai talatin zai iya ba da insha'i kowane mako ya bi shi layi-layi. Mai ɗaruruwa ba zai iya ba, dole ya koma tambayoyin zaɓi. Jarrabawar JAMB ma, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya a 2015, zaɓi ce tsakanin amsoshin da aka jera. Ɗalibi na iya zaɓar "congratulate on" ya ci maki, washegari ya rubuta wa abokinsa "congratulate you for". Gane daidai in an jera maka dabam ne, fito da shi daga kanka dabam.

A daidai lokacin da azuzuwa ke cika, masana suna can suna sauya tunani. Tun a 1971 Ayo Banjo na Jami'ar Ibadan ya kasa Turancin Najeriya kashi huɗu, daga na mai ƙaramin karatu har zuwa wanda ba a bambanta shi da na ɗan Ingila. A 1991 David Jowitt, ɗan Ingila da ya koyar a Jami'ar Bayero, ya fitar da "Nigerian English Usage", inda ya tattaro irin maganganunmu ya yi bayaninsu a matsayin abin nazari, ba abin dariya ba. A can Ingila ma masu haɗa ƙamus sun daina dogara da kunnen mutum ɗaya. Ƙamus na COBUILD da John Sinclair ya jagoranta a Birmingham, wanda ya fito a 1987, an gina shi ne a kan miliyoyin kalmomi da aka tara a kwamfuta don a ga yadda mutane ke amfani da harshe a zahiri. A da ana tambayar me ya kamata a ce. Sai aka koma tambayar me ake cewa, su wa ke cewa, kuma a ina.

A Janairun 2020 wannan sauyi ya fito fili. Babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Najeriya, ciki har da "okada" da "Kannywood" da "next tomorrow", wato jibi, wadda a zamaninmu aka sha tsawatar mana a kanta. Daga baya aka ƙara wasu, har da "suya" da "japa". An yi murna, murnar kuma tana da hujja. Amma wasu ɗalibai sun ɗauki labarin a matsayin an saki linzami, kowa ya yi yadda ya so. Ya kamata a duba jerin da kyau. Abubuwan da aka shigar sunayen abinci ne da abin hawa da al'ada, sai wasu maganganu da muka ba sabuwar ma'ana, kuma an nuna cewa na Najeriya ne. Ba wanda ya sanar da cewa "discuss about" ta halatta. Harsuna suna da sakin hannu wajen karɓar baƙin sunaye, amma suna da rowa kan ƙananan kalmomin da ke riƙe da jimla. Hausa ma haka take: mun karɓi mota da tebur da asibiti da kwamfuta daga Turanci, ba mu taɓa aron "in" ko "on" ba.

Sauyin da ya fi kowanne girma a aljihu ya zo. A 2001 wayar salula ta shigo, tare da gajeren saƙo mai baƙaƙe 160, inda ake datse kalma don kada kuɗi ya ƙaru. Sai ga 2go, sai Facebook, sai WhatsApp da YouTube da TikTok. Ɗalibin yau yana ganin Turanci fiye da yadda muka taɓa gani, amma gauraye ne: na Ingila da makaranta ke koyarwa, na Amurka daga fina-finai, ga kuma Turancin buroka. Ɗan Ingila ya ce "at the weekend", ɗan Amurka ya ce "on the weekend". Wancan ya ce "write to me", wannan ya ce "write me". Kowanne daidai ne a gidansu. Yaron da ya ji duka biyun, ya kuma ga wasu iri-iri a rubutun abokansa, sai ya yanke cewa duk wadda aka sa ta yi. Mafi yawan abin da yake karantawa tsaransa ne suka rubuta, ba wanda ya duba. A da kuskure a littafin mai shi yake kwana. Yanzu yawo yake yi, ana ganin sa har ido ya saba da shi.

Gaskiya ne kuma ɗalibin yau yana da kayan aikin da ko a mafarki ba mu gani ba. Ƙamus na Oxford da na Cambridge suna cikin wayarsa, har da muryar da za ta furta masa kalma. Kwamfuta tana ja wa kuskurensa layi tun kafin ya gama jimla. Daga ƙarshen 2022 kuma ga manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT, waɗanda za su gyara masa rubutu ko su rubuta masa ɗungurungum. Mai son koyo bai taɓa samun sauƙi irin na yau ba. Amma gyaran da aka yi maka ba ka tsaya ka duba ba, bai koya maka komai ba. Malamai sun san alamar: aikin gida ya zo tas babu tabo, takardar jarrabawa ta zo da Turancin wani mutum dabam.

Wani zai ce in dai an fahimci juna, mene ne abin damuwa? A hira babu. Amma ƙaramar kalma tana juya ma'ana. A takardar kotu ko ta banki, "within 14 days" da "after 14 days" ba abu ɗaya suke nufi ba, kuma wanda ya ruɗe tsakaninsu zai iya rasa haƙƙinsa. Sannan mai tantance takardar neman gurbin karatu a waje, ko editan mujallar ilimi, bai san ka ba, bai san wahalar da ka sha ba. Da waɗannan ƙananan kalmomi yake fara auna ka. Ba lallai ne hakan ya zama adalci ba, amma haka ake yi, kuma ɓoye wa ɗalibi wannan gaskiya cutarwa ce. Ɗan jami'a yana bukatar ya san Turanci biyu, na hira da 'yan ƙasarsa da na rubutun da zai fita duniya, ya kuma san lokacin kowanne.

'Yan'uwanmu na Nijar da ke zuwa karatu Sakkwato da Katsina da Kano suna nuna mana abin ta wata fuska. Su Faransanci ne ke tsakaninsu da Turanci, shi ya sa za ka ji "depend of", ko a ce "assist" ana nufin halartar taro, domin haka Faransanci ke yi. Bahaushen Maraɗi da na Katsina harshensu ɗaya, amma kurakuransu sun bambanta bisa hanyar da kowa ya biyo. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa kuskure yana da asali, kuma abin da aka san asalinsa ya fi sauƙin gyara.

In na ajiye zamanin biyu gefe da gefe, abin da nake gani shi ne: mu mun samu karatu aka hana mu Hausa, su an sakar musu Hausa an ba su kayan aiki, karatun dogon littafi ya yi musu ƙaranci. Abin da babu zamanin da ya yi yadda ya kamata shi ne sa harsunan biyu a kan allo ɗaya. Sau da yawa abin da Turanci ke nunawa da ƙaramar kalma, Hausa a jikin aikatau take nuna shi. Ka jefa masa ƙwallo, wannan "throw to" ne. Ka jefe shi da ƙwallo, wannan "throw at" ne. Fita da fito su ne "go out" da "come out". Saya da saye su ne "buy" da "buy up". Ɗalibin da aka nuna wa wannan zai gane abin da hadda ba ta ba shi ba: ashe ya san bambancin tun yana yaro, wurin ajiye shi ne kawai ya sauya. Ilimin nan ba sabo ba ne. Tun daga ƙamus na Bargery na 1934 har zuwa bayanin da F. W. Parsons ya yi kan rukunonin aikatau na Hausa a 1960, masana sun shimfiɗa shi, sassan Hausa na jami'o'inmu kuma suna koyar da shi. Bai dai cika ƙetarawa zuwa ajin da ake koyar da Turanci ba.

Shawarata ga ɗalibi ba ta da yawa. Kada ya haddace "on" ita kaɗai, ya haddace ta tare da abokin tafiyarta, "depend on", "insist on", ya rubuta su cikin cikakkiyar jimla. In manhaja ta gyara masa rubutu ya tsaya ya ga abin da ta canza. Kowane zango ya gama littafi ɗaya mai tsawo wanda ya bi ta hannun edita. Ga malamai kuwa akwai bashi a kanmu. An yi bincike da yawa kan inda Hausa da Turanci suka saɓa, yana kwance cikin kundayen digiri a kan kantoci. Lokaci ya yi da zai fito ya zama ɗan littafin kurakurai na Bahaushe, mai layi uku a kowane shafi: yadda Hausa ke faɗa, yadda ake faɗa a Turancin Najeriya, da yadda ake sa ran gani a rubutun ilimi da na ofis. A yi bayaninsa da Hausa, a sa shi a waya, domin can ɗalibin yake.